Ɗakin ciki ko mai baranda? Abin da na gaya wa Yaya kafin a biya kuɗin jirgin ruwa

Ranar wata Asabar bayan La'asar, Yaya ya aiko jikansa ya kira ni. Na tarar da shi a zauren gidansa da ke Tudun Wada, tabarau a kan karan hanci, yana ta jan allon waya sama da ƙasa. Ɗansa da ke aiki a Ingila ne ya turo hotuna biyu ya ce a zaɓa. Zai biya masa shi da Hajiyarsa tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwa zuwa Norwe, barka da ajiye aiki bayan shekara 35. Hoton farko ɗaki ne mai gado da madubi, bango huɗu, ba taga ko ɗaya. Na biyu ɗaki ne mai ƙofar gilashi, bayanta 'yar baranda da kujeru biyu, daga nan sai ruwa. An rubuta kuɗi a ƙasan kowanne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce ta hana Yaya sakat.

"Kai da ka je, gaya mini tsakani da Allah. Barandar nan ta ci kuɗinta, ko dai wayon Turawa ne?"

Na yi dariya, don shekara biyu da suka wuce ni ma tambayar da na yi ke nan, na kuma yanke wa kaina hukunci tun kafin a amsa mini. 'Yata da mijinta ne suka ɗauke mu, ni da maman yara, daga tashar Southampton a kudancin Ingila. Da aka zo zaɓen ɗaki na kafe a kan na ciki: barci kawai za mu yi, kada a yi almubazzaranci. Su kuwa, da yake akwai jaririya mai shan nono, suka kama mai baranda. Ka ga na ga ɗakunan biyu a jirgi ɗaya cikin mako ɗaya.

Inda mutanenmu suka fi ruɗewa shi ne zaton jirgin ruwa kamar jirgin sama yake, mai kujerar gaba abincinsa daban, na baya kuma a matse shi. Ba haka ba ne. Mai ɗakin ciki da mai baranda ɗakin cin abinci ɗaya suke shiga, garuruwa ɗaya ake saukar da su, ma'aikaci ɗaya ke gyara musu gado. Banɗakin ma kusan iri ɗaya ne, ɗan ƙurji wanda sai ka yi dabara kake alwala a ciki, don haka ka tafi da butar roba ko wane ɗaki ka kama. Girman ɗakin ciki a yawancin manyan jirage bai wuce murabba'in mita 14 zuwa 17 ba, wato ya ɗan ɗara abin da maginanmu ke kira sha biyu-sha biyu, amma fa har da banɗakin a ciki. Mai baranda kan ɗan fi shi, galibi har da 'yar doguwar kujera, sannan ga barandar kanta wadda kujeru biyu da ɗan tebur suka cika. In ka ture kujerun gefe, sallaya za ta shiga da ƙyar. Abin da kake saya da ƙarin kuɗin bai wuce uku ba: hasken rana, iska, da ɗan fili a waje wanda naka ne kai kaɗai.

Kuɗin kuwa a yi masa lissafin gaskiya. Farashin da ake nunawa na mutum ɗaya ne, a bisa cewa ku biyu ne a ɗakin. A ce tazarar fam 400 ce. Ku biyu fam 800 ke nan, in ka raba kwana bakwai ya kusa fam 115 kowane dare. Buga shi da canjin ranar, ka ji yadda yake a naira, tukuna ka yi magana. A hanyoyin da ake binsu don kallo, irin su Norwe da Alaska, tazarar ta fi faɗi saboda kowa baranda yake nema, su ne kuma ke fara ƙarewa. Sannan tikitin ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Mai fasfo ɗin Najeriya da zai hau daga Southampton yana buƙatar bizar Birtaniya da ta Shengen, don Norwe na cikin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Wanda zai hau daga Kiel ko Hamburg a Jamus, ko Kopenhagen, ta Shengen kaɗai zai nema. Ga kuɗin alheri na ma'aikata da kamfanoni da yawa ke ɗorawa a lissafinka kowace rana, ga intanet mai ɗan karen tsada, ga kuɗin fita yawo a kowane gari.

Wannan na ƙarshen shi ne babbar hujjar mai ɗakin ciki, kuma har gobe ina tare da ita. Wasu daga cikin wuraren da suka fi kyau ba a ganinsu daga kowace baranda. A Flåm, ɗan ƙauyen da ke ƙuryar ɗaya daga rassan Sognefjord, wani dogon kwarin teku da ya ratsa duwatsun Norwe, akwai jirgin ƙasa da ke hawa tsauni kilomita 20 zuwa Myrdal, wajen mita 866 sama da teku, ta cikin ramukan dutse 20, ya kuma tsaya a gaban ruwan Kjosfossen kowa ya sauka feshi na dukan fuskarsa. Nærøyfjord kuwa, wani reshen kwarin, inda a wani wurin faɗin ruwan bai wuce mita 250 ba, ƙaramin jirgi ake shiga daga Flåm a je a gani. Duk kuɗi ne daban. Wanda ya ƙarar da aljihunsa a baranda, ya zo Flåm yana tsaye a bakin tasha yana ƙirga sauran canji, ya yi saye da tsada ya bar abin da ya kawo shi.

Hujja ta biyu: baranda gefe ɗaya take nuna maka. Fiyod, wato kwarin da teku ya kutsa cikinsa tsakanin duwatsu, kallonsa hagu da dama ne da gaba. Ranar da muka shiga fiyod ɗin Geiranger na hau can saman jirgi wajen ƙarfe biyar na safe, gari ya riga ya waye tangaran. Kilomita 15 ne tsawon wannan kwari, kuma tun 2005 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tare da Nærøyfjord. Ni da na tashi ina ganin Kufena a matsayin dutse, sai na tsinci kaina ina ɗaga wuya har hula na neman faɗuwa. Jirgi mai hawa goma sha wani abu ya koma kamar kwale-kwale a gindin katangu. A gefe ɗaya ga ruwa bakwai na zubowa a jere daga ƙololuwa, waɗanda suke kira 'Yan'uwa Mata Bakwai. A ɗaya gefen, daidai saitinsu, ga wani guda ɗaya da suke wa laƙabi da Manemi, wai shi ke neman aurensu. Can sama a kan wata 'yar baranda ta dutse na hangi bukkokin tsofaffin gonaki da aka yashe, na rasa ta inda masu su ke hawa. Na ruga hagu, na dawo dama, na je gaba. Mai zaune a barandarsa rabin wannan ya gani a wannan sa'ar. Sai dai a yi adalci: Geiranger ba ta ɓullewa, ta inda aka shiga ta nan ake fita, don haka abin da ya wuce ka da safe zai zo gefenka da yamma. Kada kowa ya sa ka biya ƙari don wai hagu ko dama a irin wannan hanya.

Da labarin ya tsaya a nan, da na ce wa Yaya ya kama na ciki mu sha shayi mu watse.

Amma ni ne na ga Geiranger a wannan safiya, maman yara ba ta gani ba. Kwana ɗaya kafin nan na lallaɓa ta muka hau saman tare. Abin da ban lissafa ba tun daga Zariya shi ne saman jirgi dandali ne. Ga wurin ninkaya, ga baho mai ruwan zafi da mutane maza da mata a ciki da ɗan abin da suka rufe jiki, duk da sanyin nan. Ga kiɗa, ga masu yawo da kofunan giya. Kujerun da ke bakin ƙarfe duk an riga an kama, iska na neman tsige mata hijabi, gwiwarta kuma ba ta son tsayuwa. Minti goma ba ta cika ba ta taɓa ni ta ce, "Malam, mayar da ni." Da na dawo daga kallon Geiranger bakina cike da labari, na same ta zaune a bakin gado da carbi, talabijin a kunne a tashar da ke nuna hoton kyamarar gaban jirgi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe tun daga Zariya kallon talabijin aka kawo ni."

Daga ranar 'yarmu ta riƙa zuwa tana ɗaukarta. Surukin namu, Allah ya yi masa albarka, sai ya tsiri shan kofi a wani bene na tsawon awa biyu ko uku, don ta samu ta sake. A barandar ta zauna da bargo a cinya da jikarta a hannu, filas ɗin shayi a kan ɗan teburin, ba mai kallonta, ba kiɗa, sai ƙarar ruwa da kukan tsuntsayen teku. Labarin Norwe da take ba 'yan'uwanta har yau duk daga wannan kujerar ya fito. Ni kuwa ko sau ɗaya ban zauna ba. A Zazzau wa ke shiga ɗakin barcin surukinsa ya miƙe ƙafa? Sau ɗaya na leƙa daga bakin ƙofa, na ce madalla, na juya.

Shi ya sa na ce wa Yaya tambayar ba a kan kyan wuri take ba. Tambayar ita ce: wadda za ka tafi da ita, za ta iya zama a saman jirgi awa uku cikin jama'a? In saurayi ne mai ƙafa, ko abokai biyu, ko ma'aurata matasa da ba ruwansu da cunkoso, saman jirgi ya ishe su, ya ma fi. In kuwa dattijuwa ce da ta saba da tsakar gida, ko mai ciwon ƙafa, ko mai shayarwa, ko wanda ganin tsiraici da ƙamshin giya ke ɓata masa rai, barandar nan ita ce tsakar gidansa a kan teku, kuma in ba ita, kuɗin tafiyar gaba ɗaya ne ya tafi a ɗaki.

Sai dai sirrin nata da iyaka. Allo ne ke raba ka da maƙwabci, in ya leƙo ta bakin ƙarfe zai gan ka, maganarsa kuma kana ji. A wasu jiragen barandar benayen ƙasa ta fi fitowa waje, wanda ke sama yana kallon kanka kamar mai leƙen rijiya. In an tsaya a tasha kuma, wataƙila wani jirgin ne a gabanka, taga da taga. Kafin a biya a buɗe taswirar benayen jirgin a duba lambar ɗakin, a tabbatar barandar mai rufi ce. A kuma kula da masu rahusa da ake cewa an tare musu kallo: galibi kwale-kwalen ceto ne ke rataye a gabansu. Akwai kuma wani tsari mai sauƙin kuɗi inda kake biyan nau'in ɗaki, kamfani ya zaɓa maka lamba daga baya. Mai son sirri ko mai gudun hayaniya kada ya yarda da shi, don zai iya faɗawa ƙarƙashin wurin ninkaya, inda tun asuba ake jan kujeru a kansa.

A wajen barci, ɗakin ciki ya yi wa mai baranda fintinkau. A birnin Bergen na Norwe cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 11 na dare, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci kuma ta fito. In jirgin ya nausa arewa zuwa Tromsø, wajen wata biyu rana ba ta faɗuwa sam. Labulen ɗaki mai baranda yana da kauri, amma haske sai ya sami gefen da zai ɓullo. Ɗakin ciki kuwa in ka kashe fitila kamar an rufe ka a rumbu. Ban taɓa barci mai nauyi irin na makon nan ba, kuma shi ya kusa ja mini. Daren farko na farka na ɗauka tsakar dare ne, na duba agogo na ga goma saura na safe. Ba ladan, ba zakara, ba hasken da zai taɓa ido. Na yi Asuba ina jin kunyar kaina. Daga nan na riƙa saita ƙararrawar waya biyu. A kula da agogo ma: da bazara lokacin Ingila daidai yake da na Najeriya, amma Norwe na gaba da awa ɗaya, waya kuma in ba ta da sabis ba za ta gyara kanta ba. Lokacin jirgi ake bi.

Alƙibla ma ta fi sauƙin samu a baranda. Daga Norwe kudu maso gabas take, amma jirgi a cikin kwari yana ta lanƙwasa, manhajar waya kuma a tsakiyar ɗakin ƙarfe rikicewa take, allurar na ta juyi. A baranda takan kama, kana kuma ganin rana da idonka. Mu na ciki da taswirar da talabijin ke nunawa muka riƙa kintata. Batun lokacin Isha da Asuba a inda shafaƙi ba ya ɓacewa, da ƙasaru da haɗa salloli, mutum ya zauna da malaminsa tun kafin ya bar gida, kada ya bari sai yana kan ruwa.

Sanyi shi ne abin da hoton talla ba ya nunawa. Safiyar Yuli a cikin fiyod tana kama da safiyar hunturu a Samaru, sai ka ƙara mata iskar tafiyar jirgi da danshi. Bergen kuma ana mata ruwan sama fiye da kwana 200 a shekara. A tafiyar mako ɗaya daga Southampton, kwana biyu a tsallaka Tekun Arewa suke tafiya, zuwa da dawowa, ba abin gani sai ruwa toka-toka. Da rana a sauran kwanakin kuna cikin gari. Amfanin baranda na gaske yana sa'o'in shiga da safe da na fita da yamma. Wanda ya san shi da sanyi ba sa ga maciji, zai ƙare yana kallo ta bayan gilashi, to shi ɗaki mai taga ya kamata ya duba. Tagar ba ta buɗuwa, amma tana ba ka haske ka san dare da rana, kuɗinta kuma yana tsakanin biyun. Da na san haka tun farko, ko ita na kama wa maman yara. Wasu jiragen kamfanin Royal Caribbean sun sa wa ɗakunan ciki babban allo a bango mai nuna waje kai tsaye, amma bayan maganar da aka gaya mini a kan talabijin ba zan ba kowa wannan shawarar ba.

Jiri da tashin zuciya sun fi danganta da inda ɗakin yake fiye da irinsa. Tsakiyar jirgi a benen ƙasa ya fi kwanciya; gaba, baya da can sama sun fi lilo. Cikin fiyod ruwa lumui yake kamar a kwano, Tekun Arewa ne kan yi fushi. Wanda jiri ya kama, shan iska da kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa na taimaka masa, nan baranda ta yi rana. Wanda kuma ƙirjinsa ke ƙuntata in an rufe shi a lif, kada a gwada shi da mako guda a ɗaki marar taga don a rage kuɗi.

Hajiyar Yaya, da ke jin mu daga soro na biyu, ta turo tambayar da na san za ta zo: a baranda ai za a iya ɗan kunna turaren wuta? A'a. Garwashi, kyandir, dutsen guga, duk an hana, kuma ana duba kaya a na'ura kafin a hau. Yawancin kamfanoni sun hana ko shan taba a baranda. A watan Maris na 2006 gobara ta tashi daga barandar wani jirgi mai suna Star Princess a kusa da Jamaika, ta ci ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya rasu, masu bincike kuma suka ce mai yiwuwa guntun taba ne sila. A tafi da humra da turaren fesawa. Shanya ma ba a yi a baranda, iska za ta kai zanen teku. In akwai ƙananan jikoki, a riƙa kulle ƙofar da makullin sama, a kuma janye kujeru daga bakin ƙarfe, don yaro da hawa.

In hanyar ta canza, lissafin ma canzawa yake. A Alaska ta Amurka, inda ake zuwa daga Mayu zuwa Satumba daga Seattle ko Vancouver, manyan jirage biyu kacal ake bari su shiga mashigin tekun Glacier Bay a rana. Jirgin kan tsaya a gaban katangar ƙanƙara ta Margerie, kyaftin ya juya shi a hankali kowane gefe ya samu, kuma yini guda ake yi ana kallo cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Samun ɗaki mai ɗumi taku biyu daga inda kake tsaye ba ƙaramin abu ba ne. Amma jiragen da ke zagaya Bahar Rum, ko masu tashi daga Dubai zuwa Doha da Maskat, da dare suke tafiya, gari na wayewa suna tasha. Abin da za ka gani daga baranda galibi kwantenoni ne da motocin ɗaukar kaya. A can ɗakin ciki zan kama ko da wa nake tafe.

Yaya ya yi shiru yana murza gemu, ya ce shi dai kuɗin yaron yake ji. Na ce yaron ne ya turo hoto biyu, da ɗaya yake iyawa da ɗaya zai turo. Daga ciki muka ji Hajiya ta ce, "Alhaji, ka tambaye shi ko tasa Hajiyar ta yafe masa." Bayan Magariba aka kira Ingila: mai baranda, tsakiyar jirgi, bene na takwas ko na tara, mai rufi a sama, kuma a sayi tikitin jirgin ƙasan Flåm tun yanzu. Ranar Litinin, cikin zafin watan Afrilu, ni da Yaya muna layin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari muna neman rigunan sanyi masu hula da safar ulu, mai shagon na ta kallonmu yana tambaya ko lafiya.